Fastar Mai Jar Lema

Zuwa ga ɗana, ɗan Yaya,

Ina yi maka sallama, ina kuma gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya tsare ka fita da shiga a wannan wuri mai nisa da neman halak ya kai ka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar nan tawa da ta hana ni taka keken ɗinki ta yi sauƙi sosai tun da na fara shafa maganin da ka aiko, har shekaranjiya na ɗinke riguna biyu a zama ɗaya ban ce wash ba. Baban su Auta yana nan yadda ka san shi, rediyo a kunne, gardama a baki. Auta ta gama jarrabawa ta dawo gida, tana cinye mana abinci tana gyara mana magana. Innarka kuwa tana can gidan ƙanwarka ta yi ƙiba abinta, jikoki sun hana ta sakat, ita kuma ba ta son a raba ta da su.

Na gode da maganin, na gode da kiran da kake yi mini duk ƙarshen mako ko da ka dawo aiki a gajiye. Amma abin da na fi gode maka shi ne yardar da ka yi da ni ranar da za ka tafi, da ka kinkimo akwatin ƙarfen nan na fastocin finafinan da mahaifinka ya tara, ka ajiye a ɗakina, ka ce ba ka da wanda ya fi ni riƙon amana. A saƙonka na baya ka ce kana so ka ci gaba da tarawa daga inda ya tsaya, ka ga masu sayarwa a waya, kana neman shawarata. Ka kuma roƙe ni in ɗauki hoton wadda ya fi ji da ita, ta matar nan mai jar lema a kan gada, in turo maka. Wata biyu ke nan ina ce maka wayar Auta ba ta ɗaukar hoto da kyau. Ƙarya nake yi, wayar lafiyarta ƙalau. Fastar ce na lalata, kuma bakina ya kasa furta maka a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ka daure ka karanta har ƙarshe, don shawarar da ka nema tana ciki, a hanyar ɓarnar nan na koyo ta.

Ga yadda aka yi. Da ruwan sama ya yi yawa bana, bangon ɗakina na wajen taga ya jiƙe, sai na ji wani wari-wari yana tashi daga inda akwatin yake. Na buɗe, na tarar da fumfuna ta fara kama murfin daga ciki, ga kashin kyankyaso a kusurwa. Ka san halina, ba na iya ganin abu yana lalacewa in zauna, kuma ba na tambayar kowa in na riga na yanke shawara. Na ce a raina, takardun shaidar makarantar yarana duka laminatin na sa aka yi musu, an rufe su cikin roba, shekara da shekaru ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba, to me zai hana in yi wa Yaya wannan gata? Na zaɓi mai jar lemar don ita ce a sama, a cikin takardarta daban, na ce da ita zan fara. Na kai ta shagon fotokwafin da ke bakin titinmu. Mai shagon ya gwada ta a bakin injinsa, ya ce ta fi ƙarfin faɗinsa da ɗan kaɗan, amma ba komai, farin gefen nan ba shi da amfani, zai rage shi. Ni da na yi shekara talatin da almakashi a hannu, wadda ba na yanka yadin mutum sai na auna sau uku, na tsaya ina kallo ya datse gefe da gindi, yankan ma a karkace.

Da ta fito ta ɗaya bakin injin da zafinta, sai na ga abin da na aikata. Fuskar matar ta yi ƙuraje-ƙuraje inda iska ta maƙale, jan lemar ya koma kalar tsatsa, duk layin ninkin ya yi baƙi ya fito raɗau. Na ce ya cire robar, ya ce ai ta riga ta zama jiki ɗaya da takardar, in an ja sai ta taho da hoton. Na naɗe ta na dawo gida, na cusa ta bayan kwabar tufafi, ko sake kallonta ban yi ba. Kwana uku abinci ba ya mini daɗi. A rana ta huɗu shaiɗan ya kawo mini dabara: in nemo irinta sak, in saya, in sa a akwatin, in jefar da wannan, kai kuma ba za ka taɓa sani ba. Ina gaya maka wannan ne don ka san iyakar inda Gwaggonka ta kai, kada ka ɗauka kuskuren ya tsaya a shagon fotokwafi.

Auta ce ta nemo mini mai sayarwa na farko a waya, bayan na rantsar da ita. Wani ɗan gaye ne mai tebur a ƙofar wani babban kanti, bakinsa zaƙi kamar ya sha zuma. Ina kwatanta masa fastar ya ce yana da ita, in dawo jibi. Na dawo ya miƙo mini ita a naɗe cikin leda, sabuwa fil, tana sheƙi, ba ninki ba tabo, ya rantse cewa daga ɗakin ajiyar wani tsohon gidan silima aka fito da ita. Na ce ya buɗe ledar in taɓa, ya ce hannu yana ɓata ta. Na tambaye shi wane gidan silima, ya ce sirrin sana'a ne. Na ce in na kai gida na ga ba ta yi ba fa, ya ce kayansa in sun fita ba sa dawowa, kuma in yi sauri don akwai mutum biyu da ke jiranta. Ni ban san takarda ba, amma na san yadi, na kuma san mai sayar da yadin da ke hana ka murza bakin ƙyalle. Ta cikin ledar ma ina jin warin sabuwar tawada. Na ce masa a bar wa mutum biyun, na ja hannun Auta muka tafi. Ɗana, ka riƙe wannan: duk wanda ya hana ka dubawa, ya ɓoye maka inda ya samo, ya kuma sa maka gaggawa, ka bar masa kayansa komai kyansu.

Baban su Auta ne, da ya gaji da ganina ina safa da marwa, ya matsa har na faɗa masa. Ya wanke ni tas tukuna, sannan ya tuna mini da wani dattijo mai shagon tsofaffin littattafai a layin masu gyaran agogo, wanda ya ce Yaya yakan zauna wurinsa a da. Shagon ɗan ƙarami ne, sai ka karkata kafin ka wuce tsakanin kantocin, amma ba ƙura ko kaɗan, tagarsa a rufe da labule mai kauri, fastocin kuma ba ko ɗaya a bango, duk suna kwance cikin faffaɗan aljihunan wani tebur. Dattijon bai yi rawar jiki da ganina ba. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, ya wanke hannunsa ya goge, sannan ya jawo aljihu na uku ya fito da mai jar lemar. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kafin in ce komai shi ya fara lissafa mini aibunta: ga ramukan ƙusa huɗu a kusurwoyi, ga ɗan yagewa a ninkin tsakiya, ga inda ya taɓa gyarawa da kansa, ya ce gara in ji daga bakinsa da in gano a gida. Ya faɗi sunan mutumin da ya saya a wurinsa da shekarar, ya ce zai rubuta mini duka a takarda ya sa hannu, kuma ko bayan shekara wani masani ya ce ba ta asali ba ce, in dawo masa da ita.

Ya koya mini abubuwa da dama a zaman nan, bari in zayyana maka kafin su zube daga kaina. Ya ce tsofaffin fastoci yawanci a ninke ake aika su gidajen silima, don haka ninki ba aibi ba ne, wadda aka ce ta tsufa amma ba ta da ko layi ɗaya ita ce abar tuhuma. Ya ce in shinshina, tsohuwar takarda tana da warinta, kuma ba ta santsi kamar ta kalanda. Ya ba ni gilashin ƙara girma na duba ƙananan rubutun da ke can ƙasa, ya ce a ta asali sukan fito tsaf, a ta kwafi kuwa sai ka ga bakin haruffan ya yi dishi-dishi, don hoton hoto ne. Ya ce a auna tsawo da faɗi da tef, domin masu kwafi sukan rage ko su ƙara. Da na gaya masa kai a waya za ka riƙa saye, ya ce to ka nemi a turo maka hoton gaba da na baya da na kusurwoyi huɗu a hasken rana, ka tambayi ko an taɓa gyara ta, ka nemi jin bakin waɗanda suka taɓa saye a wurin mutumin, kuma ka fara da ƙarama ka ga yadda zai naɗo ta kafin ka amince masa da babba. Ya ce kada sunan fim ya ruɗe ka ka sayi abin da ba ka so, ka sayi wadda in ka kalle ta za ka ji daɗi ko da ba wanda zai taɓa taya ta.

Sai ya tambaye ni me zan yi da ita. Na ce kyauta zan yi. Ya dube ni ta saman tabarau, ni kuwa na ji kamar an kama ni da hannu a tukunya, sai na kwashe komai na faɗa masa. Da ya ji ko ni ƙanwar waye ce, ya yi wa Yaya addu'a, ya ce shi da Yaya mai gyaran rediyo ai tare suka yi ƙuruciyar zuwa silima. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ba ni ce ta farko da laminatin ya cuta ba, masu son abu su suka fi yi masa irin wannan illa. Amma ya mayar da fastarsa aljihu ya rufe, ya ce ba zai sayar mini ranar ba. In je in kawo wadda ta lalace ya gani tukuna, kafin nan kuma in ceci sauran da ke akwatin, don su ne ke cikin haɗari yanzu. Ya ba ni damin farar takarda ta musamman wadda ba ta sa hoto ya yi ja, ya ƙi karɓar komai a kanta. Na fito ina jin haushinsa, ban san alheri yake yi mini ba.

Washegari ni da Auta muka share tsakar ɗaki muka shimfiɗa sabon zanen gado, muka wanke hannu, muka fito da su ɗaya bayan ɗaya yadda ya ce. Guda arba'in da ɗaya ne, kuma alhamdu lillahi fumfunar ba ta kai gare su ba, sai biyu na ƙasa da suka ɗan yi tabo a gefe. Mun bar su sun sha iska a inuwa, don ya ce rana ita ce babbar abokiyar gabarsu, tana shanye ja da rawaya kafin ka ankara. Mun kwantar da su a miƙe, kowace da farar takarda a tsakaninta da 'yar'uwarta, cikin faffaɗan kwali biyu, muka ɗora a saman kwaba nesa da bangon waje da kuma ƙasa. Kafur yana kusa amma ba ya taɓa su. Inda ya yage mun bar shi a yage, domin ya hana ni salatif da gam, ya ce su ne ke barin tabon da ba ya fita, ya kuma hana ni dutsen guga tun kafin in tambaya, ka ji mutumin da ya karanci tela. In za ka sa wata a firam ka rataye, ya ce kada gilashin ya manne da hoton, a sa kwali mai kyau ya raba su, kada a liƙa bayanta da komai, kuma a nemi bangon da rana ba ta bugu, ba kusa da madafa ko banɗaki ba. Duk wata uku a buɗe a duba. Na ɗauki wannan aikin a kaina muddin suna hannuna.

Ranar Litinin na zaro wadda na ɓoye na kai masa, kunya kamar ta kashe ni. Na shimfiɗa masa ita a tebur ina jiran ya yi salati a kan fuskar matar. Ko kallon gaban bai yi ba, sai ya kifa ta. Ya ce shi duk fastar da ta shigo hannunsa bayanta yake fara karantawa, don gaba na kowa ne, dubu aka buga irinsa, baya kuwa na mai ita ne shi kaɗai. Ya matsa da ita kusa da fitila, ya bi ta da yatsa har can ƙasa ta hagu, sai ya tsaya, ya miƙo mini gilashin nan. Rubutu ne da fensir, ya dushe har ya kusa zama kalar takardar, amma ina gani na gane hannun Yaya, irin rubutunsa mai kwanciya da yake yi a jikin rediyoyin mutane. Layin farko kwanan wata ne, ranar haihuwarka. Layi na biyu ya ce: “Yau aka haifa mini ɗa, na fita ban ga ƙarshen fim ɗin ba.” Akwai layi na uku a ƙarƙashinsa, dogo, ya fi na biyun tsawo. Almakashin mai fotokwafi ya bi ta tsakiyarsa, sai kawunan haruffa suka rage. Ni da dattijon mun yi ta juya shi har aka kira la'asar, ko kalma ɗaya ba mu iya fitarwa ba. Daga baya na koma shagon fotokwafin ko guntun yana nan, mai shagon ya ce tun ranar aka share.

Na zauna a kujerar dattijon nan na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Yaya. Ya bar ni sai da na gama, sannan ya ce tasa fastar tana nan in har yanzu ina so, amma in sani ita bayanta fari ne fat. Na ce ya bar abarsa. Daga can gidan ƙanwarka na wuce na tambayi Innarka. Ta ce ƙwarai, ranar a silimar yamma maƙwabci ya je ya tsamo mahaifinka, ya iso asibiti da gudu da tikiti a hannu, washegari kuma ya koma ya roƙi mai liƙa fastoci ya ba shi ta jikin allon. Ita ce ta farko da ya fara ajiyewa, sauran duk bayanta suka biyo. Ta ce an sake nuna fim ɗin sau da yawa bai taɓa komawa ba. Amma rubutun ita ma ba ta san da shi ba, don haka ba ta san abin da layi na ukun ya ce ba. Ka san mahaifinka ba mai yawan magana ba ne, abin da ke ransa ba ya hawa bakinsa. Wataƙila abin da bai taɓa faɗa maka ba ne ya rubuta a wurin, kuma ni ce na tsaya aka yanke.

Shi ya sa ko a cikin wannan baƙin ciki godiya ta fi yawa a raina. Da ɗan gayen nan ya iya ƙarya fiye da yadda ya yi, ko da dattijon nan ya kasance mai son ciniki ne kawai, da yanzu akwai kyakkyawar fasta a akwatinka, wannan kuma tana bola, ni ina ta murna na rufa wa kaina asiri. Kullum ina sa shi a addu'a, kai ma ka sa shi. In ka tashi saye, irinsa za ka nema, wanda zai iya hana ka kayansa don ya tsare ka.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce na gode da ɗawainiyar da take yi da kai. Ka shafa mini kan maigidana ƙarami mai sunan Yaya, ka ce masa matarsa tana nan tana jiran ya iya tafiya ya zo ya ba da na cefane, da 'yar'uwarsa mai kukan asuba. Baban su Auta yana gaishe ka, Auta tana gaishe ka tana kuma roƙon kada ka haɗa da ita, umarnina ta bi. Innarka da ƙanwarka da yaranta duk suna miƙo gaisuwa.

Gobe Auta za ta turo maka hoton, gaba da baya, yadda take ba tare da an ɓoye komai ba. Ba na neman ka ce ba komai, don akwai komai. Mahaifinka ya bar maka layi uku, ka ba ni ajiya, ina mayar maka da biyu. In ka kira ranar Asabar zan ɗauka, ko me za ka faɗa zan saurara. In kuma ba ka kira ba, zan jira ta gaba.

Taka har kullum,
Gwaggonka